Kan Jirgi a Cikin Adaka

Mu ƙaddara wani dattijo ne ɗan Gaya da ya yi aikin reluwe tun zamanin Turawa. Dogon da ya iso Kano a 1911 bai biyo ta garinsu ba, ko da aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930 ta Ringim ya bi, don haka a birni ya yi zaman aikinsa. Da Baturen da yake ƙarƙashinsa zai koma gida, sai ya bar masa tarkacen ɗansa, ciki har da wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, irin wanda ake murɗa wa makulli ya yi ta zagaye a kan 'yar dogo. Dattijo ya jefa shi a adaka, cikin kwalinsa, ya manta. Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan shekaru, ɗan gwangwan ya yi sallama a ƙofar gida da kurarsa da sikelinsa. Matar marigayin ta aiko jikanta da tsoffin tasoshi, da fasasshiyar fitila, da wannan kan jirgi. A sikeli bai kai kilo guda ba. Amma ɗan gwangwan yana da waya, ya kuma taɓa cin karo da irinsa a intanet. Shi ya sani, ita ba ta sani ba. Nawa ya kamata ya ba ta?

A Turai da Amurka waɗannan ƙananan jirage suna da kasuwa tasu. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1859 yake, Lionel na Amurka an kafa shi a 1900, Hornby na Ingila kuma ya fara fitar da jiragensa masu makulli a 1920. Masu tara su manya ne masu furfura, suna neman abin da suka yi wasa da shi ko suka yi kwaɗayinsa suna yara. A 2006 an yi gwanjon wani jirgin Lionel ƙirar 1934 da taragunsa a kan kimanin dala 250,000. Wannan na musamman ne, galibinsu ba su kusanci haka ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin irinsa, da fentinsa na asali, da kwalin da ya zo a ciki. Wanda aka sake wa fenti darajarsa faɗuwa take yi. Wato da baiwar Allah nan za ta sa toka ta goge shi ya yi ƙyalli don ta kyautata wa mai saye, da ta goge kuɗinta da hannunta.

Irin wannan jirgi ba shi da yawa a gidajenmu. Mu motar kara da ta langa-langa muka ƙera, ba ta kuma wuce damina ɗaya. Amma tambayar tamu ce, domin daga Gaya har ƙauyukan Ajingi adakoki cike suke da kumbo da tasa na tagulla, da dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, da takubba, da kwabo mai huji. Garin da tarihin baka ya ce maƙeransa ne suka je dutsen Dala neman tama, yau ƙarfensa na gado a kura yake fita, kilo-kilo.

Mu fara ba mai saye haƙƙinsa, don yana da hujja mai ƙarfi. Saninsa jari ne. Ya ɓata lokaci ya koya, ya sha rana ya zaga, ya sha faɗuwa. Tsufa kaɗai ba daraja ba ce: kwabo da anini masu huji na zamanin Ingilishi miliyoyi aka buga, yawancinsu ba su da wani kuɗin kirki, kuma wanda ya tara su da zaton arziki ya san haka. Bai tilasta kowa ba; ya taya, an sallama. Idan kuma aka ce dole duk mai sani ya raba saninsa kyauta, to babu wanda zai ƙara wahalar nema, kan jirgin sai ya tafi wajen narka tare da ruɓaɓɓen kwano. Mai sanin nan shi ne ma ya cece shi.

Muhawarar tsohuwa ce. Cicero, masanin Rum da ya rasu shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo misalin ɗan kasuwar da ya isa tsibirin Rodas da hatsi ana cikin yunwa, ya kuma san akwai wasu jiragen ruwa na hatsi a bayansa. Ya faɗa, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Wani malami ya ce shiru ba ƙarya ba ne. Almajirinsa ya ce ɓoye wa ɗan'uwanka abin da yake bukatar sani cuta ce. Cicero ya goyi bayan almajirin.

A namu ɓangaren, shari'a ta hana tarar ayari a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi. Malaman Malikiyya kuma sun bambanta mutum biyu: wanda ya shiga ciniki da idonsa a buɗe, idan aka fi shi wayo ciniki ya faɗa, da wanda ya sallama kansa ya ce a saya a wurinsa yadda ake saye a wurin mutane. Wannan na biyun ba ya halatta a kware shi. Ana kuma ba da labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi, da aka tayo masa doki dirhami 300, ya dubi dokin ya ce ya fi haka, ya yi ta ƙara wa mai shi har 800.

A ganinmu iyakar tana nan ne, a kan waye ke ɗaya gefen cinikin. Idan 'yan kasuwa biyu ne a Kurmi, kowa da idonsa da dillalinsa, wanda ya yi shiru bai ci amanar kowa ba. Amma tsohuwar da ke cikin gida ba ciniki take yi ba. Saƙonta ta bakin jika shi ne: "Ka ce masa ya ba da abin da ya dace." Da wannan magana ta mai da shi amininta, ko ya so ko bai so ba. Kuma shirun nasa ba shiru ba ne tsantsa. Ɗora kan jirgin a sikeli magana ce, cewa yake yi wannan ƙarfe ne kawai, alhali ya san ba haka ba ne. Balle idan kayan gado ne da ba a raba ba, da rabon marayu a ciki.

Ba mu ce faɗin gaskiyar ba shi da tsada. Jita-jitar wani jan sinadari da aka ce yana cikin tsoffin kekunan ɗinki na Singer, wadda ta rikita Saudiyya a 2009 alhali babu shi sam, ta koya wa mutane cewa duk tsohon ƙarfe taska ne. Kana cewa abu yana da daraja, sai a janye shi, ko a yanka maka miliyoyin da babu mai biya. Mai gaskiya zai iya komawa da kura wayam. Abin da ya rage masa shi ne ya zama dillali: "Ka ce wa Inna wannan ba na sikeli ba ne. Zan kai Kano a gani, abin da aka saya ta ba ni la'adata." Ribar ta ragu ƙwarai, ba ma musu.

Mu ma da muke wannan hukunci, sau nawa aka ba da labarin irin wannan ciniki a majalisa muka yi dariya, muka ce wane ya tsinci dami a kala? Ba mu cika tambayar gonar waye ba.

Yaro ya karɓi kuɗin kilo ya juya zai shiga gida, kwalin yana hannunsa, Inna ta ce ya dawo mata da shi za ta hura wuta. Ɗan gwangwan ya san abin da kwalin nan yake ƙarawa a kan farashi. Ya kuma san cewa a duk faɗin Gaya ba a taɓa jin ɗan gwangwan ya sayi kwali ba, kuma yana buɗe baki ya nema, tsohuwar za ta tambaye shi dalili.