Tuna Mutuwa da Sabo da Mutuwa: Nazari daga Mubi

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna ɗaukar hankalin malaman addini da masana falsafa akwai tambayar yadda ya kamata mai rai ya zauna da sanin cewa zai mutu, domin wannan sani, wanda babu mai jayayya a kansa, yana iya zama sanadin gyaruwar hali, yana kuma iya zama sanadin bushewar zuciya, gwargwadon yadda aka riƙe shi. A garin da mutuwa ke zuwa jefi-jefi, ta ɗauki tsoho yau, ta ɗauki majinyaci bayan wata guda, tambayar takan tsaya a zauren karatu tsakanin malami da almajiransa. Amma a garin da aka taɓa binne gawarwaki da dama a wuni ɗaya, aka kuma wayi gari aka buɗe shaguna, tambayar takan fito fili ta shafi ɗan kasuwa da ɗan makaranta da matar aure, ko da ba su san sunan da malamai suka ba ta ba.

Mubi, birni na biyu mafi girma a Jihar Adamawa, tana zaune a gefen kogin Yedzaram, kusa da duwatsun Mandara da iyakar Kamaru, kuma ta yi suna da kasuwar shanunta da ke haɗa fatake daga ƙasashe maƙwabta. Ita ce ta zama hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, wadda ta shigar da yankin cikin Nijeriya, kuma a unguwanninta, irin su Sabon Layi da Yelwa da Kolere da Lokuwa, ake samun Gude da Fali da Margi da Higi da Fulani da Hausawa da Ibo suna cuɗanya, Musulmi da Kirista. A daren 1 ga Oktoba 2012 'yan bindiga sun shiga gidajen ɗalibai a unguwar Wuro Patuji suka kashe aƙalla mutum 25. A ranar 1 ga Yuni 2014 bam ya tashi a unguwar Kabang bayan an tashi daga wasan ƙwallo. A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin baki ɗaya, suka riƙe shi wajen mako biyu kafin sojoji da mafarauta da 'yan sa-kai su ƙwato shi. Bayan jama'ar da suka gudu sun dawo, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a cikin sahun sallar asuba a masallacin Madina da ke Unguwar Shuwa ranar 21 ga Nuwamba 2017, inda 'yan sanda suka ce aƙalla mutum 50 ne suka rasu.

Mutanen da suka ga irin wannan ba sa bukatar a tabbatar musu da cewa mutuwa rigar kowa ce. Abin da ke bukatar bincike shi ne bambancin da ke tsakanin tuna mutuwa da sabo da ita, abubuwa biyu da ke kama da juna a furuci amma suka yi hannun riga a sakamako. Tuna mutuwa, a yadda malaman tarbiyyar zuciya suka bayyana shi, shi ne mutum ya riƙa kawo ƙarshensa a ransa domin ya auna aikinsa da shi, ya biya bashin da ke kansa, ya nemi gafarar wanda ya zalunta, ya rage dogon buri, wato ɗabi'ar jinkirta gyara bisa zaton cewa akwai sauran lokaci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rufe littafinsa Ihya'u Ulumiddin da wannan babi, bayan ya gama bayanin ibada da sana'a da aure da cututtukan zuciya, abin da ke nuna cewa ya ɗauke shi a matsayin ma'aunin duk abin da ya gabata. A ƙasar Hausa da Fombina, wato Adamawa, kuwa waƙoƙin wa'azi, na Fulatanci da na Hausa, tun daga zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, sun yi wannan aiki a cikin gidaje, har wanda bai yi zurfin karatu ba ya san da kwanciyar kabari da tsayuwar hisabi.

Sabo da mutuwa kuwa shi ne yawan jin labarinta ya kai mutum ga daina jin nauyinta. Ana ganin alamarsa a kowace majalisa da teburin mai shayi, a Sabon Layi ko a wani wuri: wani ya duba wayarsa ya ce an kashe mutum kaza a wani ƙauye, jama'a su yi salati, wani ya tambaya ko nawa ne, sannan hira ta koma kan farashin masara ko canjin sefa kafin shayin ya huce. Ba a rasa kalmomin addini a wannan zama, domin an ambaci Allah an kuma yi addu'ar jinƙai, amma kalmomin sun zama hanyar rufe zancen maimakon hanyar shigarsa. Masanin falsafar nan Bajamushe, Martin Heidegger, ya lura a littafinsa na 1927 cewa hirar yau da kullum takan mayar da mutuwa abin da ke samun wani can wanda ba kowa ba, ta yadda mai magana zai amince cewa ana mutuwa ba tare da ya taɓa sanya kansa a ciki ba. Bahaushe ya san wannan hali, shi ya sa ya ce mutuwar yawa kaka ce, wato idan asara ta game kowa zafinta kan ragu. Sai dai raguwar zafin da ke sanyaya ran wanda aka yi wa rashi ita ce kuma ke sa na nesa ya daina tambaya.

Babbar alamar sabo ita ce mamaci ya koma adadi, adadin ma ya zama abin ciniki. A ranar 1 ga Mayu 2018, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, bama-bamai biyu sun tashi a Mubi, ɗaya a masallaci yayin da ake shirin sallar azahar, ɗaya a kasuwar da ke kusa yayin da mutane ke gudun ceton rai. Adadin farko da hukumomi suka bayar bai kai 30 ba, amma masu haƙar kabari sun shaida wa kamfanin dillancin labarai na AFP cewa gawa 86 suka binne. Akwai dalilai na zahiri da ke kawo irin wannan saɓani, domin Musulmi sukan gaggauta binne mamaci ba tare da an kai shi asibiti an rubuta sunansa ba, wasu gawarwakin kuma ba a iya gane su. Duk da haka tazarar da ke tsakanin lissafin biyu mutane ne, kowanensu da uwa da maƙwabci da wanda yake bi bashi, kuma al'ummar da ta yarda a ce wajen talatin ko wajen tamanin duk ɗaya ne ta riga ta yi nisa a cikin sabon da ake magana a kai.

Shari'ar Musulunci ta tanadi abin da ke hana mamaci narkewa cikin adadi, shi ne hukuncin jana'iza. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan wannan yanki, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙoƙi ne na mamaci, kuma salla da binnewa farilla ce ta kifaya, ma'ana wajibi ne da ke kan jama'a gaba ɗaya, wanda idan wasu suka sauke shi ya faɗi a kan sauran, idan kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Wanda ya tsaya a sahun jana'iza yakan ga yadda wannan hukunci ke aiki: a ajiye makara a gaban liman, a yi kabbara huɗu a tsaye babu ruku'u babu sujada, wani daga cikin dangi ya ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa. A maƙabarta kuma matasa su karɓi makarar daga kafaɗa zuwa kafaɗa, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a toshe kafofi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowa ya sa hannu. Duk wannan ana yin sa ne ga mutum ɗaya mai suna, ko da a ranar an binne tamanin.

A nan ne wani zai kawo hujjar ajali, ya ce tunda kwanan kowa a rubuce yake, to binciken dalilin mutuwa da ƙidayar mamata ɓata lokaci ne, ko ma ja da hukuncin Ubangiji. Wannan magana tana kama da tawakkali, amma malaman tauhidi ba su tafi a kanta ba. Mazhabar Imam Ash'ari, wadda ita ce ta yi rinjaye a karatun zaure na Afirka ta Yamma, ta tabbatar da cewa wanda aka kashe ya mutu ne a kan ajalinsa, ta kuma tabbatar da cewa wanda ya kashe shi mai laifi ne, saboda abin da suka kira kasabu, wato rabon bawa a cikin aikinsa ta fuskar niyya da zaɓi, wanda a kansa ake ba shi lada ko a kama shi da zunubi. Da ajali yana wanke mai laifi, da ba a shar'anta ƙisasi da diyya ba, da kuma ba a ɗora diyya a kan kisan kuskure ba. Masu cewa bawa ba shi da wani zaɓi, iska ce kawai ke kaɗa shi, su ne ake kira Jabariyya, kuma malaman Sunna sun yi watsi da ra'ayinsu tun ƙarnonin farko.

Tarihi ya adana misalin da ya fi kowane bayani. A wajajen shekara ta 18 bayan hijira Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya nufi Sham, sai labari ya iske shi a hanya cewa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke komawa Madina. Da sahabi Abu Ubaida ya nuna masa cewa wannan kamar gudun ƙaddara ne, sai ya amsa da cewa komawar ma ƙaddara ce, ya kuma buga misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, wanda duk gefen da ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma babu mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Mubi ta fuskanci irin wannan jarrabawa makonni kaɗan bayan harin Mayun 2018, lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Cuta ce da ake ɗauka daga gurɓataccen ruwa da abinci, wadda tsabtace ruwan sha ke hana yaɗuwarta, ruwan gishiri da sukari kuma ke ceton mafi yawan waɗanda ta kama idan an ba su da wuri. Hadisi ya lissafa wanda ciwon ciki ya kashe cikin masu samun ladan shahada, kuma iyalansa suna da haƙƙin su sami sanyi da wannan bushara. Amma kyautar da Allah ya yi wa mamaci ba ta sauke nauyin da ke kan mai sayar da ruwa, da mai unguwa, da hukumar da aka damƙa wa amanar rijiyoyi.

Ba a nufin cewa komawa harkokin yau da kullum bayan rashi aibi ne. Shari'a da kanta ta taƙaita zaman makoki ga kwana uku, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma, kuma da mutanen Mubi ba su dawo daga Yola da Kamaru da kan duwatsu sun sake buɗe kasuwa da makarantu ba, da waɗanda suka kore su sun cim ma burinsu. Wannan shi ne haƙuri, wanda malamai suka fassara da tsare zuciya daga fushi da hukuncin Allah da tsare harshe da gaɓoɓi daga abin da bai dace ba, kuma shi ake tambaya a zaman ta'aziyya idan an ce yaya aka ji da haƙuri. Mai haƙuri yana jin zafin amma bai bar shi ya hana shi aiki ba, kamar ma'aikatan asibitin Mubi da rahotanni suka ce suna cikin yajin aiki a ranar harin Mayun 2018 amma suka fito domin karɓar waɗanda suka jikkata. Wanda ya saba kuwa ya daina jin zafin ne, saboda haka babu abin da zai tashe shi.

Ma'auni na ƙarshe da ke rarrabe halayen biyu shi ne mutuwar wanda ba naka ba. A ranar 6 ga Janairu 2012 'yan bindiga sun buɗe wuta a Mubi kan wasu 'yan ƙabilar Ibo da suka taru domin shirya kai gawar ɗan'uwansu gida, suka kashe fiye da mutum goma, wato an kashe su ne suna cikin sauke haƙƙin mamaci. Bayan shekara biyu da watanni, lokacin da aka watse daga garin, majami'ar Saint Theresa ta Katolika a Yola tana cikin wuraren da suka buɗe ƙofa ga dubban 'yan gudun hijira. Ingantaccen hadisi ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya kuma kafa hujja da cewa shi ma rai ne. Wanda mutuwar maƙwabcinsa mai wani addini ba ta girgiza shi ba, to abin da yake ji a jana'izar nasa kishin dangi ne, bai kai matsayin tuna mutuwa ba tukuna.

Idan jama'a gaba ɗaya suna da laifi a kan gawar da aka bari ba a binne ba, to hankali da shari'a sun haɗu a kan cewa laifinsu ya fi girma a kan ran da aka bari ya salwanta alhali ana iya tsare shi, tunda malaman usulu sun sanya tsare rai cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya. Saboda haka tuna mutuwa na gaskiya yana da ayyukan da ake gane shi da su a unguwa: a rubuta sunan kowane mamaci da dalilin rasuwarsa, a san inda marayunsa suka kwana da makarantar da suke zuwa, a tambayi mai mulki abin da ya yi game da ruwan sha da asibiti da tsaron hanya, a kuma yi tambayar ko mamacin ɗan masallaci ne ko ɗan coci. Addu'ar da ake yi a zaman makoki, cewa Allah ya kyautata namu zuwan, roƙo ne da ke ɗora wa mai yin sa aiki tun yana da sauran kwana.