Wat 3000 da Allura Ɗaya

An yi wani saurayi tela a Fagge, cikin Kano, kowa na ce masa Auta domin shi ne ƙarshen 'ya'yan gidansu. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabon gado, aka raba gida da gona, sai aka iso kan wasu kaya da babu wanda ya miƙa musu hannu: garmaho mai aiki da lantarki ƙirar Technics, da sifikoki biyu na katako, da kwali cike da fayafayai. Marigayin ma'aikacin reluwe ne, ya saye su a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da ma'aikata suka karɓi ariyas suka cika kasuwa suna sayen babura da rediyo. Amfilifayar da ta zo tare da su kuwa wuta ta ƙone ta tun Auta bai yi wayo ba. Yayyensa suka ce sun yafe masa, ya kwashe tarkacen.

Ya kai ɗakinsa ya zauna yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ga Mamman Shata, ga Ɗan Maraya Jos, ga Haruna Uji, ga waƙoƙin finafinan Indiya, manya masu juyi 33 da ƙanana masu juyi 45. Bai taɓa jin ko ɗaya yana magana ba.

Yana da wani aboki mai sayar da wayar hannu, wanda ba a kawo zancen na'ura ya yi shiru. Abokin ya ce abu mai sauƙi, a kawo garmahon ɗakinsa a jona da kayan sautin da yake kallon ƙwallo da su. Suka jona a ramin da aka rubuta AUX, suka ɗora Shata, suka murɗa sauti har ƙarshe. Abin da ya fito sai ka ce kukan sauro a cikin gwangwani: murya can nesa, siririya, kalangu kuwa babu labarinsa. Ga shi kuma gefe ɗaya yana ɗaukewa, domin wayar garmahon ta tsattsage. Abokin ya kaɗa kai ya ce ya gano ciwon, ƙarfi ne ya yi kaɗan, sai an nemo amfilifaya mai wat da yawa.

Auta ya yi haƙuri har azumi ya zo. Ya kwana a kan keke yana ɗinkin Sallah, ya tara abin da ya tara. Bayan Sallah da mako guda ya naɗe garmahon a tsohon zane, ya ɗauki faifai guda, suka nufi Sabon Gari shi da abokin.

Shagon farko da suka shiga, yaron shago ya sauko musu da wata baƙar amfilifaya sabuwa dal, fuskarta cike da fitilu masu rawa, an rubuta 3000W da jan rubutu a jikin kwalinta. Tana karɓar Bluetooth, tana karɓar filashi, har da ramin makirufo biyu. Ya jona wayarsa ya saki kiɗa, gilashin shago ya ɗauki rawa, masu wucewa suka waiwayo. Abokin ya dafa kafaɗar Auta ya ce magana ta ƙare. Kuɗinta ya kusa cinye duk abin da ke aljihun Auta, amma ya ba da kafin alƙalami, ya ce bari su je a gyara wayar garmaho su dawo su ɗauka.

Aka kwatanta musu wani tsoho mai gyaran rediyo can cikin lungu. Suka same shi a rumfar da ba ta fi tabarma biyu ba, warin dalma ya cika ta, matattun rediyo jere har rufi. Auta ya gaishe shi ya kwance zane. Tsohon ya dubi garmahon ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya tambayi na wane ne. Auta ya faɗa masa. Ya yi wa mamacin addu'a, ya ɗauki ƙarfen dalma ya fara aiki, yana yi yana tambaya. Da me za a ji shi? Abokin ya yi caraf ya ce da wat dubu uku. Tsohon ya ce madalla, filin idi za a kai shi? Auta ya ce a'a Baba, ɗakinsa ne, gado ɗaya da keken ɗinki. To me aka rubuta a bayan sifikokin? Auta ya ce ya ga lamba 8 da wata alama. Tsohon ya ce om 8 ke nan, sifikoki masu sauƙin kai, kowace amfilifaya ta gari za ta iya da su. Sai ya yi tambaya ta ƙarshe: a bayan wadda suka zaɓa, sun ga rami biyu da aka rubuta PHONO, da ɗan noti kusa da su?

Suka dubi juna. Gabanta suka kalla, ba wanda ya juya ta.

Tsohon ya ajiye ƙarfen. Ya nuna allurar da farcensa ya ce wannan 'yar aba, in tana bin tsagar faifai, wutar da take haifarwa ba ta wuce milibolt 3 zuwa 5 ba, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda ba. Ramin AUX an yi shi ne domin waya da na'urar CD, masu zuwa da ƙarfinsu. Ramin PHONO kuwa akwai wata 'yar da'ira a bayansa wadda take fara ninka muryar allura kamar sau ɗari kafin ta miƙa wa sauran amfilifayar. Kuma ba nan aikinta ya tsaya ba. Masu yanka faifai da gangan suke rage kaurin sauti su ƙara siririnsa, domin in an bar amon ganga yadda yake, tsagar za ta yi faɗi, waƙa kaɗan ta cinye fuskar faifan. A 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni ɗaya na wannan ragi da ƙari, kuma da'irar PHONO ce ke mayar da kowane amo mazauninsa. In babu ita, in ji shi, ko wat dubu goma aka kawo, siririyar muryar nan za a ƙara wa ƙara, kalangu ba zai dawo ba.

Abokin ya ce to Baba, ai dai ƙarfi ƙarfi ne. Tsohon ya yi murmushi ya ce in sun koma su ɗaga ta su ji nauyinta, su kuma karanta ɗan allon da ke kusa da wayar wuta, inda ake rubuta abin da take sha. Na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Lambar da ke kan kwali ta talla ce. Ta gaskiya ita ce wadda ake rubuta wa RMS, ƙarfin da take iya riƙewa ba tsayawa a kowane gefe. Ya ce kunne ma ba ya lissafi irin na kasuwa: kafin mutum ya ji ƙara ta ninka biyu, sai an ninka wat kusan sau goma. Akwai wata da wani kamfanin Ingila ya fitar a 1978, NAD 3020, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane gefe, amma har yau masu faifai a duniya suna nemanta.

Yana cikin magana idon Auta ya faɗa kan wata ƙatuwa a saman kanta, fuskar azurfa, gefen katako, allon tashoshi mai shuɗin haske. Ya tambayi kuɗinta. Tsohon ya faɗa, ya haura abin da ya rage masa. Ya ƙara da cewa mai kyau ce ƙwarai, sai dai daga Amurka ta zo, wutar bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Sai an haɗa ta da taransifomar rage wuta, kuma ranar da wani yaro ya soka ta kai tsaye a bango, ranar za a yi mata sallah. Daga nan ya sunkuya ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur, ƙirar Japan ta ƙarshen shekarun 1970, fentinta ya koɗe, babu fitila sai ɗaya. Wat 25 a kowane gefe, wutarmu take sha, ga PHONO ga notinsa. Kuɗinta bai kai rabin na baƙar ba.

Bai yabe ta ba. Ya ce tsohon kaya yana da halinsa: kafasita tana bushewa, abin murɗa sauti yana ƙuraje, wani lokaci gefe ɗaya ya mutu. Kada Auta ya yarda da bakin kowa, har da nasa. Ya jona garmahon, ya kunna ta, ya sa Auta ya kara kunne a sifika ba tare da faifai ba ya ji ko akwai gurnani. Ya sa shi ya murɗa sautin hagu shi kaɗai, sa'an nan na dama. Ya ce a bar ta a kunne rabin sa'a, a taɓa a ji zafinta, a shinshina ko akwai ƙauri. Ya kuma ce in tsoron tsohon kaya yake, akwai wata hanya: ƙaramar sabuwa ta gaskiya, a haɗa mata ɗan akwatin PHONO da ake sayarwa daban.

Auta ya miƙa faifan da ya zo da shi. Tsohon ya ce dakata. Ya ɗauko gilashin duba ƙananan abubuwa ya leƙa bakin allurar, ya miƙa wa Auta ya leƙa. Bakin ya cinye ta gefe. Ya ce allura tana yin sa'a 500 zuwa 1000 ne a canza ta, wannan kuwa ta daɗe da gama aikinta, duk faifan da ta bi sai ta kankare shi, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Amfilifaya in ta mutu akwai wata a kasuwa. Wannan faifan fa, ina za a je a samo shi? Ya sa tasa allurar ta gwaji, ya sauke hannun garmaho a hankali. Aka ji ɗan ƙas-ƙas, sai kalangu ya shigo da kaurinsa, 'yan amshi suka ɗauka, muryar Shata ta cika rumfar. Mai shayin da ke gefe ya leƙo da ludayi a hannu.

Suka fito ba su saya ba, domin akwai kuɗi a wancan shago. A hanya abokin ya yi ta magana. Araha ba ta ado. Wa zai shigo ɗakin saurayi ya ga wannan koɗaɗɗiyar aba ya ce an yi sayayya? Ga kafin alƙalami, wa zai mayar? Auta bai tanka ba. Maganar tana cinsa, domin shi ma fitilun nan sun shiga ransa, kuma wata guda na rashin barci bai yi kama da abin da za a zubar da wani yankinsa a banza ba. Ya lissafa ya sake lissafawa. In ya cika kuɗin baƙar, babu na allura, babu na akwatin PHONO, sai wata Sallar. Zai koma gida da abin nuna wa mutane, kwalin mahaifinsa kuwa ya ci gaba da zama a rufe, ko kuma ya buɗe shi tsohuwar allura ta bi fayafayan ɗaya bayan ɗaya.

Da suka isa ya ce a juya masa bayanta. Yaron shago ya juya. AUX, da ramukan sifika, da wayar wuta. A ɗan allon an rubuta 60W. Auta ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ta taso ba gardama. Ya tambayi yaron ko za ta yi da garmaho. Yaron bai yi masa ƙarya ba, ya ce maigida, wannan ta biki ce da kallon ƙwallo, a nan ba ta da laifi, garmaho kuwa sai da ƙarin akwati. Auta ya tsaya shiru har abokin ya fara taɓa shi. Sa'an nan ya ce ya fasa. Aka yi ciniki a kan kafin alƙalamin, mai shago ya riƙe rabi ya mayar da rabi. Auta ya karɓa ya yi godiya.

Ya koma lungu. Tsohuwar amfilifayar tana nan a kunne, ɗumi kawai ta yi, babu ƙauri. Ya biya. Tsohon ya nemo masa sabuwar allura daidai da kan garmahon, ya sa masa, ya ce sauran canjin kada ya kai gida, ya tsaya bakin titi ya sayi ƙaramar sitabilaiza, tunda ya san abin da ya ci amfilifayar mahaifinsa.

Da daddare ya jera sifikokin, ɗaya dama ɗaya hagu, ya jona komai ya kunna. Sai gurnani, wuuu, kamar za a fasa ɗakin. Gabansa ya faɗi. Ya leƙa baya ya ga wata siririyar waya ta uku daga garmahon tana lilo, ya tuna da notin, ya ɗaura ta ya murɗa. Gurnanin ya ɗauke. Ya ɗora Ɗan Maraya, kuntigi ya fara. Abin murɗa sautin bai wuce rubu'i ba maƙwabcinsa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce don Allah a rage, yara sun yi barci, amma in da hali gobe a kira shi da wuri.

Kwana uku abokin bai zo ba. A na huɗu ya shigo, ya dubi koɗaɗɗiyar ya tambaya ko tana da Bluetooth. Auta ya ce babu. Ya yi dariya ya zauna bakin gado, wai minti biyar zai yi. Yana nan har fuskar faifan ta ƙare, shi da kansa ya tashi ya ce a nuna masa yadda ake juyawa ba a taɓa tsagar ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce akwai wani kwali irin wannan a gidan kawunsa a Gwammaja, har da sifikoki, ko Auta zai raka shi wurin Baba ranar Asabar. Auta ya ce zai raka shi, amma ya fara zuwa ya juya sifikokin ya rubuto abin da ke bayansu.