Wanda Ya Zauna Kusa da Takalma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya yi daɗin tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, akwai abin da ya faru a zawiyarmu a hutun da ya wuce, har yau yana yi mini nauyi. Wani saurayi da bai kai shekara ashirin ba ya fara zuwa wazifar magariba. Ba ya shiga da'ira. Can bakin tabarma yake zama, kusa da takalma, ana shafa addu'a sai ya sulale. Duk unguwa an san shi: tramol yake sha, a fada yake kwana tun da aka saki mahaifiyarsa, uban kuwa ya tafi ci-rani Aljeriya, ba aike ba labari.

Wata rana takalmin wani ya ɓata. Ba wanda ya ce uffan, amma duk idanu a kansa suka sauka, har da nawa, Allah Ya gafarta mini. Kashegari takalmin ya fito, wani yaro ne ya sa cikin kuskure. Shi kuwa saurayin sai da ya yi mako uku ba mu gan shi ba.

Imamu Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar labarin wani sahabi, Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Himar. Yakan sa Annabi (S.A.W.) dariya, kuma an sha kawo shi a yi masa bulala saboda giya. Wani ya gaji, ya la'ance shi. Annabi (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da ManzonSa. Ku duba: hukunci bai faɗi ba, giya ba ta halatta ba, amma ba a fitar da shi daga cikin masoya ba. To mu da muke da'awar ɗariƙarmu a kan soyayya aka gina ta, da wane ma'auni muka auna yaron nan?

Akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba. Wanda jikinsa ya saba da tramol, in ya bari rana ɗaya, jikin ne ke tayar masa da yaƙi: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin barci, faɗuwar gaba. In ka gan shi yana hamma da mutsu-mutsu ana tsakiyar Salatul Fatihi, kada ka ce rashin ladabi ne. Mai yiwuwa a daren nan ya fi ka mujahada. Shi ya sa kai shi gidan likita yana cikin aikinmu, don a duba shi a tsara masa yadda zai bari. Zikiri na wanke zuciya, neman magani kuma sunna ne.

Muƙaddaminmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, shi ya je fadar da kansa. Bai yi wa'azi ba. Ya sha shayinsu, ya ce da shi: "Ɗana, wurinka na nan, ba wanda ya zauna." Da ya dawo sai ya zaunar da shi a damansa, ya ba shi aikin shimfiɗa farin ƙyalle lokacin Jauharatul Kamali. Wasu sun matsa a ba shi lazimi nan take, Malam ya ce a'a, wuridi alkawari ne na har mutuwa, ba a ɗora shi a kan wanda ke koyon tsayuwa.

Wazifa ba ta kai awa guda ba. Sauran awoyin fa? Bayan lisha nan ne halaka take, lokacin da kowannenmu ya koma gidan da ake ajiye masa tuwo, shi kuwa ba inda zai nufa sai wurin abokan da. Yanzu wani dattijo ya ba shi soro yana kwana, wani ɗan'uwa tela ya zaunar da shi a shago, gidaje uku na karɓa-karɓar abincinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, ya sake sha sau biyu tun lokacin. Duka biyun Malam ya aika an kira shi, ya zo ya shimfiɗa ƙyallensa. Ban san yadda ƙarshen zai kasance ba. Ina roƙon ku sa shi a addu'a bayan hailalar Juma'ar nan, ba sai kun san sunansa ba.