Ta'aziyya Ga Ma'abota Cocin Forfiriyus Na Gaza

'Yan'uwa Kiristocin Gaza, ya haƙuri? Gaisuwa ce daga nesa, kuma ta makara, amma ta'aziyya ba ta tsufa muddin rashin yana ci wa mai shi rai.

A daren 19 ga Oktoba 2023, harin jirgin saman Isra'ila ya rusa wani gini da ke cikin harabar cocinku a unguwar Zaitun. Mutum 18 suka rasu, har da yara ƙanana. Ba sujada ce kaɗai ta tara su a wurin ba. Gudun bama-bamai suka yi, suka kwaso tabarmi da barguna suka zo inda iyaye da kakanni suka saba fakewa. Washegari a farfajiyar cocin aka yi musu jana'iza.

Tun da na ji labarin nake komawa ga tarihin ginin nan, don a ganina akwai abin riƙewa a cikinsa. Forfiriyus da cocin ya ci sunansa ya zama bishop na Gaza a shekarar 395, ya rasu a 420, kuma kabarinsa yana nan cikin cocin. Ginin da ke tsaye yanzu mayaƙan Salibiyya ne suka ɗora shi a tsakiyar ƙarni na 12 a kan gurbin tsohon, aka kuma gyara shi a 1856. Ba babba ba ne. Zaure ne guda mai tsawo, an raba rufinsa biyu, kowane ɓangare da bakan gizo masu gicciye juna, irin abin da maginanmu ke kira ɗaurin guga, sai dai nasu na dutse ne. Can ƙurya ta gabas bangon ya lanƙwashe kamar rabin ƙwarya, nan ne wurin bagadi. Maginan sun ɗauko ginshiƙan marmara na tsofaffin gine-gine suka kwantar da su cikin bango don su riƙe shi. A ƙofar yamma kuma ginshiƙai uku ne ke ɗauke da baka biyu masu tsini.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne daɓen. Mai shiga cocin nan sauka yake yi, domin ƙasan ginin ya fi titi zurfi da kusan mita 2 a wani gefe, mita 3 a wani. Gari ya yi ta rushewa ana sake gina shi a kan ɓaraguzansa, ƙasa tana ta hawa, cocin yana zaune inda aka aza shi. Duk wanda ya taka matakalar nan zuwa ƙasa, sawun waɗanda suka riga shi kuka yake bi. Ku ba farau ba ne a wannan ɗaki. Waɗanda suka gabace ku sun binne nasu a nan, suka share hawaye, suka sake kunna fitila.

Ni Musulmi ne, kuma akwai bashin da nake jin ya kamata a ambata. Kafin wannan yaƙi, hasumiyar masallacin Katibul Wilaya dab take da katangarku. A yaƙin 2014 kun buɗe ƙofa ga maƙwabtanku Musulmi, ɗaruruwansu suka kwana a harabarku, wasu ma a nan suka yi sallolinsu na azumi. Ba ku tambayi kowa addininsa kafin ku ba shi ruwa ba. Saboda haka wannan rashi ba naku ne ku kaɗai ba. Waɗanda suka rasu, a gidan mutunci suka rasu, gidan da ya san haƙƙin maƙwabtaka.

Ba zan ce muku dutsen da ya tsira zai maye gurbin ɗa ko uwa ba. Ba zai maye ba. Uwar da ta binne jaririnta ba ruwanta da shekarun bango. Amma ku kusan dubu ɗaya ne kacal a Gaza kafin wannan yaƙi, kowa ya san kowa, don haka kada ku bar mai makoki ya zauna shi kaɗai.

Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, ya warkar da waɗanda suka jikkata, ya raya marayun da aka bari. Mai karatu, idan ka ɗaga hannu kana yi wa Gaza addu'a, ka sa mutanen cocin Forfiriyus a ciki.