Kafin Ka Miƙa Baikonka

Karatu: Matiyu 5:23-24, Luka 19:1-10



A shekarar 1973, a ƙasar Kanada, wata yarinya 'yar shekara 6 mai suna Phyllis Webstad ta shiga makarantar kwana ta mishan. Kakarta ta saya mata sabuwar riga mai ruwan lemo domin ranar farko. Da isarta aka tuɓe mata rigar, ba ta ƙara ganinta ba. Phyllis tana cikin yara kimanin 150,000 na 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu, aka kai su irin waɗannan makarantu tun daga ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1990. An yanke musu gashi, an canja sunayensu, an buge su idan sun yi magana da harshen uwa. Dubbai sun mutu ba su koma gida ba. Gwamnati ce ta ba da kuɗi, amma ikkilisiyoyi ne suka gudanar da yawancin makarantun. An yi wannan da sunan Yesu, kuma abin kunya ne a gare mu duka.

Daga baya wasu sun tuba. Ikkilisiyar Angilika ta Kanada ta roƙi gafara a 1993, ta Presbyterian a 1994. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta saurari dubban waɗanda suka tsira, ta fitar da rahotonta a 2015. A watan Yuli na 2022 Fafaroma Francis ya je Maskwacis da kansa, ya roƙi gafara a gabansu. Kowace ranar 30 ga Satumba, ɗalibai a makarantu da jami'o'in ƙasar sukan sa riga mai ruwan lemo domin girmama waɗanda suka sha wannan wuya.

Wataƙila ka ce, "Ina ruwana da Kanada, ni da nake zaune a Nima?" Gaskiya ne, abin da ya faru a Ghana bai kai wannan muni ba. 'Yan mishan na Basel, da suka sauka a Osu a 1828, sun kafa makarantu, sun kuma fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ga da Twi. Muna gode wa Allah dominsu. Amma sun kuma ware sababbin masu bi a unguwanni na dabam da ake kira Salem, nesa da danginsu. A farkon shekarun 1930, malami Ephraim Amu ya rasa aikinsa a kwalejin Akropong bayan ya yi wa'azi sanye da zanen gargajiya, ya kuma ƙi daina koyar da kiɗan ƙasarsa. Tambayi dattawan Mamobi, za ka sami wanda aka yi wa bulala ko aka ci shi tara a makaranta don ya yi Hausa, ko Dagbani, ko Frafra. Iyaye da yawa a zango sun hana 'ya'yansu boko saboda tsoron kada yaro ya tafi da suna ɗaya ya dawo da wani. Har a 2021 an yi ta jayayya a ƙasar nan a kan wata makarantar kwana ta mishan da ta hana ɗaliba Musulma azumi. Ciwon yana nan, ɗan'uwana, a bakin ƙofarmu.

To, me Ubangiji ya ce? A karatunmu na yau, Yesu ya yi magana a kan mutumin da ya riga ya iso bagade da baikonsa, sai ya tuna ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuci. Umarnin shi ne ya ajiye baikon, ya je ya shirya da ɗan'uwan, sa'an nan ya dawo. Lura da kyau: wanda ake ƙara a kansa shi ne aka ce ya tashi. Ba a ce ya jira a zo masa da kuka ba. Allah ya yarda sujada ta dakata har a yi sulhu.

Dubi Zakka kuma. Da Yesu ya shiga gidansa a Yariko, Zakka bai tsaya ga cewa "ku yi haƙuri" ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Tuban da bai taɓa aljihu da hali ba, bai gama aikinsa ba.

Mun fi son mu ce wa mai ciwo, "Abin da ya wuce ya wuce." Amma wanda ya yi sara yakan manta, mai tabo ba ya mantawa. Gafara kyauta ce daga hannun wanda aka cuta, ba mu da ikon ƙwace ta. Namu shi ne mu saurara, mu amsa laifi, mu gyara.

Ga inda za ka fara a wannan mako. Zauna da dattijo ɗaya, Kirista ko Musulmi, ka tambaye shi yadda makaranta ta kasance a zamaninsa. Kada ka katse shi, kada ka kāre ikkilisiya. Idan kai malami ne, kira kowane yaro da sunan da iyayensa suka raɗa masa, kada ka kunyata shi saboda harshensa. Idan kai ɗalibi ne a Legon ko a makarantar sakandare, kada ka yi dariya sa'ad da ake ba'a ga ɗan Arewa ko ɗan zango. Buɗe baki ka tsaya masa.

A 2019, Babban Limamin Ghana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya taka zuwa majami'ar Christ the King a Accra ranar Ista. Shi ya fara takowa wurinmu. Mu da aka danƙa wa hidimar sulhu, yaushe za mu taka?

Abin tunani: Wa yake riƙe da kai a zuci, wanda kake jira ya fara zuwa?

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana abin da aka yi wa yara ƙanana da sunan Ɗanka. Ka warkar da masu tabo a Kanada da Ghana. Ka ba mu kunnen saurare da zuciyar Zakka. Cikin sunan Yesu, Amin.