Wane Ne Ya Girmama Tsohon?

Cikin Dokoki Goma akwai ɗaya wadda ba a gardama a kanta a ƙasar Dagomba, wato dokar girmama uba da uwa (Fitowa 20:12). Musulmi ya yarda da ita, Kirista ya yarda, mai bin al'adar kakanni ma haka. A Yendi, garin Ya-Na, yaro ba ya gai da babba a tsaye, sai ya tsuguna. Ba ya barin tsoho ya ɗauki kaya yana kallo, ba ya kuwa miƙa masa abu da hagu. Sa'ad da Lloyd Shirer da matarsa Margaret suka sauko daga ƙasar Mosi a shekara ta 1931 suka fara aikin bishara a Yendi, ba su suka kawo wannan ladabi ba, tarar da shi suka yi. Saboda haka mai wa'azi yakan ga kamar babu sauran abin faɗa a kan wannan doka. Amma akwai ranar da 'ya'ya biyu, dukansu masu tsoron Allah, za su tsaya a bakin gadon ubansu, kowa yana cewa shi ne yake kiyaye dokar, ɗan'uwansa kuwa yana karya ta. Irin wannan ya faru a wani gidan masu bi a Zangon Yendi.

Maigidan kafinta ne, dattijon ikkilisiya, asalinsa daga wajen Bawku, ya ba shekara 60 baya. Wata safiya yana shan koko, sai ludayi ya faɗi daga hannunsa. Bakinsa ya karkace, ya so ya kira matarsa, maganar ta ƙi fita. Aka kai shi asibitin garin, daga can aka tura su babban asibitin koyarwa na Tamale, tafiyar wajen mil 60. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallame shi, hannun dama da ƙafar dama ba su motsi, kalma uku ko huɗu ne kaɗai suka rage a bakinsa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da wannan ciwo yake, gama rashin sani ya jawo wa gidaje da yawa hasara. A ƙwaƙwalwa ciwon yake, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Jijiyar da take kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ce takan toshe ko ta fashe, sai wurin da jini bai kai ba ya mutu. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi yake mulkin ɓarin dama na jiki, a can kuma maganar yawancin mutane take, shi ya sa wanda damarsa ta shanye sau da yawa harshensa ma yakan tafi. Wani bincike da likitoci suka yi a asibitoci 15 na Ghana da Nijeriya, aka buga shi a 2018, ya duba masu wannan ciwo fiye da 2,000, ya tarar hawan jini shi ne babban dalili, ya fi kowane dalili nesa ba kusa ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Kafintan nan an taɓa gaya masa jininsa ya hau. Ya sha magani wata guda, da ya ji garau sai ya daina.

Da yake ciwon yakan zo farat ɗaya, mutane sukan ce jifa ce ko maita. A gidan nan ma wasu dangi sun fara raɗa sunan wata tsohuwa. Wanda ya san sansanin Gnani kusa da Yendi, inda waɗanda aka zarga da maita suke zaman gudun hijira, ko ya ji yadda aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, a Kafaba kusa da Salaga a watan Yuli na 2020, ya san inda irin wannan raɗa takan kai. Uwargidan ta tsawata musu, maganar ta mutu a nan. Gardamar da ta daɗe a gidan wata ce dabam, tsakanin babban ɗa da ƙanwarsa.

Babban ɗan ya ɗauki jinyar uban da hannu biyu. Shi yake masa wanka, ya sa masa riga, ya ba shi tuwo a baki, ya kwantar da shi. Kafin tsohon ya dubi moɗa an riga an kai masa ruwa baki. Maƙwabta suna ta sa masa albarka. Ƙanwar kuwa ita ce ta kwana da uban a Tamale, ta kuwa ji abin da ma'aikaciyar motsa gaɓoɓi, irin waɗanda ake kira likitocin fisiyo, ta koya musu. Saboda haka ranar da wan ya tafi kasuwa, sai ta zaunar da tsohon a bakin gado, ta tokare shi da matashi, ta sa masa cokali a hannun hagu, ta koma gefe ta zauna. Tuwon ya zube a gaban rigarsa, miya ta bi gemu. Tsohon ya fashe da kuka. Ana cikin haka wan ya shigo.

Ya ce, “Ke, ba ki da kunya? Baba ne zai ci abinci da hagu muna raye?”

Ta ce, “Yaya, ka yi haƙuri. In muka ci gaba da ba shi a baki, a baki za mu yi ta ba shi har ranar da Allah zai kira shi.”

To, wane ne ya girmama tsohon?

Kada a yi saurin kā da ɗan. Abin da ya gani gaskiya ne. Ya ga mutumin da ya yi shekara 40 yana riƙe zarto da guduma, wanda yake raba gardama a majami'a, yau ga shi da miya a gemu a gaban 'yar cikinsa. Rufin asirin iyaye ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. Shem da Yafet da baya suka tafi suka rufe ubansu Nuhu don kada su ga tsiraicinsa, suka kuwa sami albarka (Farawa 9). Ɗan nan mayafi ya so ya jefa wa ubansa, ba wanda zai zarge shi a kan niyyarsa.

Amma akwai abin da bai sani ba. Wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya tashi, sai dai Mahalicci ya yi ta da wata hikima, sauran sassan suna iya koyon aikin da wancan ya bari. Ba su kuwa koyo sai ta wurin maimaitawa, yau da gobe, kamar yadda yaro yake koyon tafiya da faɗuwa. Yawancin abin da zai dawo cikin wata 3 zuwa 6 na fari yakan dawo, ko da yake ana iya samun ƙari kaɗan kaɗan har shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaɓar da aka bar ta kwance takan sandare, jikin da ba a juya shi yakan yi gyambo a baya da ɗuwawu, wanda ake ba shi abinci yana kwance kuma yana iya shaƙewa, abincin ya bi hanyar huhu. Ashe duk abin da tsohon yake iya gwadawa da kansa, in aka riga shi aka yi masa, an ƙwace masa darasin ranar ke nan, ranakun kuwa ƙidayayyu ne.

Akwai kuma wata magana mai ɗaci wadda ta shafi kowane mai jinya. Sau da yawa abin da ake kira tausayi, rabinsa tausayin kai ne. Mutum ba ya iya jure kallon ubansa yana fama da maɓalli guda har minti goma, sai ya miƙa hannu ya ɓalla masa, zuciyarsa ta huta. Ya kuma san maƙwabta za su gani su yaba. Wadda ta harɗe hannuwanta ta zauna tana kallo, hawaye na cika mata ido, ba wanda zai yaba mata, za a ma ce ba ta da imani. Aikinta ya fi wuya.

A Kafarnahum mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye, suka buɗe rufin soro suka zura shi gaban Yesu (Markus 2). Sun yi masa abin da ba ya iya yi wa kansa. Amma da Ubangiji ya warkar da shi, bai sa abokan nan huɗu su naɗe masa shimfiɗa ba, shi kansa ya umarta ya ɗauka ya tafi gida. Haka kuma ya yi da mutumin da ya shekara 38 yana fama da ciwo, wanda ya tarar kwance a bakin tafkin Betasda (Yahaya 5). Gaskiya ne waɗannan mu'ujizai ne, ba darasin jinya ba, amma halin Ubangiji ya bayyana a ciki. Yakan mayar wa mutum da kayansa a hannunsa. Wanda kuma yake ganin warkewa ta sannu-sannu ba ta Allah ba ce, sai ya tuna da makahon Betsaida, wanda sai da aka ɗibiya masa hannu sau biyu kafin ya gani sosai (Markus 8).

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ƙanwar ta yi nasara. Amma ita ma ta yi tuntuɓe. Da ta ga yatsun ƙafar uban sun fara motsi, sai ta zama kamar sajan soja. Ta riƙa ƙidaya masa taku, tana hana shi ruwa sai ya furta kalmar, in ya kasa ta ce, “Baba, ba ka ƙoƙari ne.” Ba ta sani ba masu wannan ciwo suna da wata irin gajiya wadda mai lafiya bai san ta ba, wajen ɗaya cikin uku kuma baƙin ciki mai nauyi yakan kama su. Wata rana tsohon ya juya fuskarsa bango, ya ƙi cokali, ya ƙi hannun ɗansa ma. Banda haka, akwai waɗanda ciwon ya yi musu tsanani har ba za su ƙara zama ko riƙe cokali ba, ko an yi shekara ana gwadawa. Irin waɗannan, ba su a baki da juya su dare da rana shi ne dukan girmamawa, tilasta musu kuwa zalunci ne.

Laifin da wa da ƙanwa suka yi tarayya a ciki shi ne, ba wanda ya tambayi mai ciwon. A kansa suke gardama, yana kwance a tsakaninsu, kamar ana cinikin buhun masara. Da yake ba ya magana sun ɗauka ba ya ji, alhali kuwa da yawa cikin waɗanda harshensu ya ɗaure suna fahimtar abin da ake faɗa. A bakin tafkin Betasda, kafin Yesu ya yi kome, sai da ya tambayi mutumin ko yana so ya warke. Masana sun ce kalmar Ibraniyanci da aka fassara da girmamawa tushenta ɗaya da nauyi, Bahaushe ma yakan ce yana jin nauyin wane. Uban da ake yi masa kome, da uban da ake tilasta masa kome, dukansu maganarsu ba ta da sauran nauyi a gida.

Uwargidan ce ta gane. Ita ce dama take wanke zannuwa da asuba, take tashi ta juya shi da dare, ba ta shiga gardamar ba. Ta kori kowa daga ɗakin, ta zauna kusa da shi ta ce, “Maigida, zan tambaye ka ɗaya ɗaya, in i ne ka matsa hannuna.” Ashe yana so ya ci da kansa, amma ba a gaban baƙi ba. Wanka kuwa ɗansa yake so ya yi masa. Yana son a bar shi ya huta da rana, a yi tafiyar da yamma. Ba ya kuma son a riƙa jan hannunsa na dama in za a tashe shi, gama kafaɗar tana masa ciwo, abin da ba wanda ya lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ikkilisiya ma tana da nata rabon. Makon fari gidan ya cika da masu gaisuwa, bayan wata biyu sai ɗaiɗai, nauyin duka ya koma kan uwargidan. Sai da zumuntar mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, samari biyu kuma suka riƙa zuwa da yamma suna tallafa shi daga ƙofar ɗaki zuwa gindin darbejiya, kafin ta sami barci. A wajen addu'ar yamma ne aka ga abin mamaki. Mutumin da ba ya iya cewa a ba shi ruwa, da aka ɗauko waƙar da ya sani tun yana yaro, sai ya bi ta har ƙarshe. Likitoci sun san wannan, waƙa da abin da aka haddace sukan tsira inda magana ta ɓace. Daga nan 'yar ta daina hana shi ruwa, ta koma rera masa kalmomin.

Bayan shekara biyu yana tafiya majami'a da sanda, yana jan ƙafa. Maganarsa guntu-guntu ce, amma ana ganewa. Hannun dama bai buɗe ba, ba a kuma sa rai zai buɗe. Kowace safiya yana shan ƙwayar hawan jini, 'yar ce take ƙidaya su. Rumfar kafinta ta koma hannun ɗan. Tsohon yakan zauna a benci a bakin rumfar, in an gama kujera sai a kawo masa, ya bi mahaɗin katakon da babban yatsansa na hagu. In bai yi masa ba ya ce, “A sāke.” Ɗan yakan tsuguna ya karɓa, ya koma ya sāke.