Haƙuri da Neman Magani: Matsayin Firgici da Ƙuncin Zuciya a Yammacin Zamfara

Tun daga shekarar 2010 musiba ke bin musiba a ƙasar Anka da Bukkuyum. A watan Maris na shekarar ne aka fara gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu dubbai suka girma da gubar a jininsu. Kafin a gama kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega a 2013, ta'asar 'yan bindiga ta fara yaɗuwa a jihar. A farkon Janairun 2022 aka kai wa ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu hari na kwanaki. Mazauna suka ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Gummi, wadda ita ma ba ta tsira daga satar mutane ba, ta sha ambaliya a daminar 2024.

Waɗanda suka rasu an yi musu sutura. Matsalar da ta rage ta waɗanda suka tsira ce: matar da ke zabura duk sanda ta ji ƙarar babur, manomin da aka fanso da kuɗin gonarsa ya dawo ba ya iya zama cikin mutane, dattijon da barci ya ƙaurace wa. Shin halin da suke ciki raunin imani ne da nasiha za ta gyara, ko ciwo ne da ke buƙatar mai magani? In kuma ciwo ne, kai kukansa ga ɗan'adam bai saɓa wa haƙuri da tawakkali ba?

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da siffanta wannan ciwo. Abin da ya faru yakan riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa. Yana guje wa duk abin da zai tuna masa, jikinsa kuma kullum a ɗarare, ga saurin fushi da faɗuwar gaba. Mafi yawan mutane suna warwarewa cikin makonni in sun sami 'yan'uwa da wurin kwana da abinci. Wasu kuwa abin yakan zarce wata guda, har shekaru, ya hana su noma da kasuwa. A ƙasar Hausa ba kasafai mai irin wannan larura ke cewa zuciyarsa ce ke ciwo ba. Ciwon kai yake kai wa asibiti, ko zafin ƙirji, ko hawan jini, 'yan'uwa su ce tunani ne ya yi masa yawa. In abin ya tsananta sai a ce iska ce ta shafe shi.

Haƙuri kuwa shi ne abin da ake fara miƙa wa wanda aka yi wa rashi, kuma ba a banza ba. Zaman makoki, da gaisuwar "ya haƙuri?", da takabar wata huɗu da kwana goma, duk hanyoyi ne na kewaye mai baƙin ciki da jama'a, kuma sun riƙe mutane da yawa da ba su taɓa ganin likita ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne a ɗauka haƙuri na nufin kada mutum ya ji zafi, ko kada ya faɗa. Malamai ba haka suka bayyana shi ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rataya haƙuri a kan abin da mutum ke da iko da shi: ya tsare ransa daga fushi da hukuncin Allah, ya tsare harshensa daga kokawa da shi, ya tsare hannunsa daga marin fuska da yaga tufa. Ya kuma bambanta ƙorafi a kan ƙaddara da bayyana wa likita abin da ke damun mutum don a taimake shi. Na biyun bai taɓa haƙuri ba. Bugun zuciya da rawar jiki da mugun mafarki ba da zaɓi suke zuwa ba, kuma shari'a ba ta ɗora wa mutum abin da ba shi da iko a kai.

Tarihin annabawa ma ya isa hujja. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani kuma bai fitar da shi daga cikin masu haƙuri ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib kuma ana kiranta shekarar baƙin ciki. Wanda ya ce wa uwar da aka kashe ɗanta a gabanta hawayenta alamar ƙarancin imani ne, ya ɗora mata mizanin da ba a ɗora wa annabawa ba.

Batun tawakkali ya fi sauƙi, domin riƙo da sababi ba ya kore shi. Babu wanda ya ce iyayen Bagega sun rasa tawakkali don sun kai yaransu a ba su maganin fitar da dalma daga jini. Abin da ke sa wasu ɗari-ɗari shi ne ganin cewa magani ta hanyar tattaunawa baƙon abu ne daga Turai. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware rabinsa ga cututtukan rai: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya raba baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki. Ya lura cewa yawan saba wa abu yana rage tsoronsa, ya kuma ce mai larura na buƙatar wani daga waje ya taya shi gyara tunaninsa, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan tasa. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan likitanci, bai ga sun ci karo da addu'a ba.

Aikin masu ba da shawara na yau bai yi nisa da wannan ba. Ana zama da mutum a asirce, a saurare shi ba tare da yanke masa hukunci ba, a bayyana masa cewa abin da yake ji ba hauka ba ne. Ana koya masa daidaita numfashi in gabansa ya faɗi, a taya shi rarrabe matsalolin da zai iya warwarewa da waɗanda suka fi ƙarfinsa, a maido shi cikin aiki da jama'a sannu a hankali. Sannan ana binciken tunanin da ke cin ransa, wanda galibi zargin kai ne: da ban gudu ba, da ban aike shi gona ba. A wannan gaɓa imani da ƙaddara magani ne kai tsaye, kuma malamin da ya san aikinsa zai iya fin likita tasiri. Ƙwayoyi ana ba da su ne ga wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Zaman aure na cikin wuraren da ciwon ya fi ɓarna. Magidancin da ya kasa kare iyalinsa yakan huce a kan matarsa. Matar da aka sako daga daji takan tarar da shiru da zargi a gidan miji, alhali hukuncin wanda aka tilasta sananne ne: ba shi da laifi. Alƙur'ani ya tanadi masu sulhu daga dangin miji da na mata, amma sulhun da bai gane cewa ɗayansu ba shi da lafiya ba yakan ƙare da "ki yi haƙuri" kawai, a maida ita ɗaki. Akwai kuma yaran da suka sha gubar dalma a 2010, waɗanda yanzu suka kai munzalin aure. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, tana kawo saurin fushi, kuma ruƙiyya ba ta fitar da ita.

Ruƙiyyar kanta, in addu'a ce da karatun Alƙur'ani, ba ta cin karo da asibiti. Abin ƙi shi ne dukan majinyaci da sunan korar aljani, da ɗaure shi da mari, irin ɗaurin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, inda aka fito da mutane fiye da 300 daga gida guda.

Sai dai halasta magani daban, samunsa daban. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane fiye da miliyan 200, kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen yankin suka fi sani yana Kware, kusa da Sakkwato, zuwa can kuma sai an bi hanyoyin da su kansu abin tsoro ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba ta kai ƙauye ba tukuna. Akwai abin koyi a cikin ƙasa: a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara kwantar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe kuma an horar da tsofaffin mata suna sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. Limamai da malaman Islamiyya mata da ungozoma a Anka da Gummi za su iya ɗaukar irin wannan horo.

Iyaka mafi girma ita ce yawancin hanyoyin maganin firgici an gina su ne a kan cewa haɗarin ya wuce. Mutumin da har yanzu yake biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gerensa, tsoronsa ba ruɗu ba ne, kuma ba daidai ba ne a koya masa ya daina jinsa. Suratu Ƙuraish ta haɗa ƙoshi daga yunwa da aminci daga tsoro a matsayin ni'ima biyu da ake bauta wa Allah saboda su. Neman magani haƙƙin majinyaci ne da danginsa, samar da aminci kuma nauyi ne a wuyan hukuma, kuma haƙurin talaka bai sauke mata shi ba.